DARASIN FATAKE: DAGA SAIWAR CIYAWA ZUWA KOFATON SA

 Darasinmu na wannan fitowa zai fara ne daga ƙarƙashin ƙasa, watau daga saiwar ciyawa, ya biyo ta tumbin sa, sa'an nan ya ƙare a aljihun mai dukiya. Na san wani zai ce, "To Malam, mu da muke cinikin shanu, ina ruwanmu da saiwa? Ai wannan zancen manoma ne." A yi haƙuri a biyo ni sannu a hankali. Duk san da ka taya a kasuwar Gider ko ta Adumri, ciyawa ce ta zama nama, ita kuwa ciyawa abin da saiwarta ta tsotso daga ƙasa shi ta ba shi. In ƙasar ta yi ragi, san zai zo maka da ragin. In ta yi ƙari, da ƙarin zai zo, kuma ba dillalin da zai gaya maka, domin shi ma bai gani ba.

Abin da za mu duba shi ne wani sinadari da ake kira seleniyom. A jikin kwalbar magani ko buhun gishirin lasa za ka ga an rubuta shi da haruffa biyu kawai: Se. Ko da Faransanci aka yi rubutun, ko da Ingilishi, haruffan nan biyu ba su canjawa. Mai karatu ya riƙe su da kyau, za mu dawo kansu.

MENE NE SELENIYOM?

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius ne ya gano shi a shekarar 1817. Ɗan uwa ne na jini ga farar wuta, wadda muka sani a kasuwa wajen masu kayan ƙoli. Kamarsu ɗaya, halinsu kusan ɗaya, kamar Hasan da Husaini. Wannan kama da suka yi ita ce tushen duk abin da za mu faɗa a darasin nan.

Ciyawa da dawa da gero ba su dogara da seleniyom ba wajen rayuwa. Amma sa da akuya da doki da ɗan Adam, in babu shi, jiki ba ya tafiya daidai. Sai a 1957 ne masana biyu a Amurka, Schwarz da Foltz, suka tabbatar da cewa dabba na bukatarsa. A 1958 aka nuna a jihar Oregon cewa yana hana wani ciwon tsoka da ke kashe 'yan tumaki. A 1973 kuma aka gano aikinsa: yana cikin wani sinadarin jiki da ke kare tsoka da jini daga lalacewa, kamar yadda mai ke kare ƙarfe daga tsatsa.

Bukatar kuwa 'yar mitsitsiya ce. Ma'aunin da masana kiwo na Amurka suka ajiye wa shanun nama shi ne miligiram 0.1 a kowane kilo na busasshen abinci. Shanun madara kuwa miligiram 0.3. A lissafinmu na kasuwa, awon shanun nama giram ɗaya tak ke nan a cikin buhu 200 na dusa masu kilo hamsin-hamsin. San da ya kai kilo 300 yakan ci wajen kilo bakwai da rabi na busasshen abinci a yini, don haka bukatarsa a shekara guda ba ta wuce kwatan giram da 'yan kai ba. Amma in aka wuce miligiram 5 a kilo, watau giram ɗaya a buhu huɗu, aka daɗe ana ci, to an shiga gonar guba. Kowa ya ci da yawa ya ga da yawa.

YADDA YAKE SHIGA SAIWA

Saiwar tsiro ba ta buɗe take ba kamar kofar kasuwa. Tana da ƙananan kofofi, kowace da irin kayan da take bari su wuce, tamkar shingen duwan a bakin iyaka. Akwai kofar farar wuta, akwai kofar fosfat, akwai ta sauran kayan taki. Seleniyom ba shi da kofar kansa. Yana zuwa ne da kama biyu. Kama ta farko ana ce mata selenat, ita tana bin kofar farar wuta. Ta biyu ana ce mata selenit, ita kuma ta fi bin kofar fosfat. Watau dai kamar baƙon sa ne da ya saje cikin garkenka, ya ƙetare iyaka da takardar wucewar shanunka, mai duba takarda bai lura ba.

Da ya shiga, sai tsiron ya ɗauke shi a matsayin farar wuta, ya kai shi inda ake aiki da ita. Ina ne wurin? Wajen ginin furotin, watau sinadarin gina jiki. Kusan duk aikin da ake yi a cikin saiwa, daga tsotson ruwa har zuwa tsawon da take ƙarawa kullum, furotin ne ke yin sa. Shi furotin ana gina shi ne da tubala iri ashirin, a jera su kamar tsakiya a zare, sa'an nan zaren ya naɗe ya ɗauki wata siffa ta musamman. In siffar ba ta yi daidai ba, aiki ba ya yiwuwa, kamar makullin da ya lanƙwashe.

Biyu daga cikin tubalan nan suna ɗauke da farar wuta: ɗaya sunansa sistin, ɗaya metiyonin. Sistin shi ne kamar ƙulli. In biyu suka haɗu sai su ɗaure zaren ya tsaya da siffarsa. To idan seleniyom ya zauna a gurbin farar wuta cikin sistin, sai a sami tubali na jabu. Ya fi na gaskiya girma kaɗan, ya fi shi saurin kama abin da bai kamata ba, ƙullinsa kuma ba ya zama inda ya dace. Sakamakon haka furotin ya naɗe a karkace. Ga shi nan an kashe kayan gini, amma ba ya aiki, har ma yakan manne da 'yan uwansa su cushe wuri.

MAYANKAR DA KE CIKIN SAIWA

A nan ne abin mamaki yake. Kowane ƙwayar halitta, ta tsiro ko ta dabba, tana da tsarin kawar da furotin da ya lalace, kuma duk wanda ya san kara zai gane tsarin nan take. Idan malamin dabbobi ko mai dukiya ya ga sa ya karye, ba zai iya tafiya ba, me ake yi? A shafa masa fenti a gadon baya, kowa ya san wannan na mahauta ne. A kai shi mayanka, a feɗe, a kasa nama, a sayar, a mai da kuɗin cikin jari.

Haka saiwa take yi. Fentin nata wani ɗan ƙaramin furotin ne mai tubala 76, ana kiransa yubikwitin. Ana liƙa shi a jikin wanda ya lalace, ɗaya bisa ɗaya, har su kai huɗu ko fiye. Da an ga wannan shaida, sai a ja shi zuwa mayanka, wani inji mai siffar ganga da ake kira furotiyasom. A bakin gangar za a cire fentin a ajiye don gobe, a warware zaren, a tura shi ciki, a daddatsa, tubalan su fito a sake gini da su. Masana uku da suka gano wannan tsari, Ciechanover da Hershko da Rose, sun sami kyautar Nobel a 2004.

To me ke faruwa da mayankar nan idan seleniyom ya yi yawa? Wani masani mai suna Van Hoewyk, na wata jami'a a jihar Karolina ta Kudu, shi da ɗalibansa sun bi diddigin wannan. A 2012 suka nuna, a jikin wani tsiron Amurka mai tara seleniyom, cewa furotin ɗin da suka ɗauki tubalin jabu ana shafa musu fenti ana kai su mayanka. Da suka toshe mayankar da magani, sai irin waɗannan furotin suka taru. A 2015 kuma suka yi gwaji da kanola, wani tsiro dangin kabeji da ake matse mai daga irinsa. Da suka ba shi tubalin jabun kai tsaye, nan da nan aikin mayanka ya ƙaru, masu fenti suka yi yawa. Watau saiwa ta ga ɓarna, ta ƙara mahauta.

Amma selenit yana da wata illa ta biyu. Idan ya yi yawa yakan cinye kayan kariyar saiwa, ya haifar da wani irin tsatsa mai ƙona duk abin da ya taɓa. Tsatsar nan ba ta barin ko ita mayankar. A nan sai aikin mayanka ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ka ƙaddara tirela ta kife da shanu arba'in, ga karyayyu a kwance, sa'an nan wuƙaƙen mahauta duk sun dakushe. Asara biyu ke nan.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kan saiwa, ɗan tsinin nan da ke huda ƙasa, domin nan ne ake ginin sabon furotin dare da rana. Shi ya sa alamar farko ta gubar seleniyom a tsiro ita ce gajeruwar saiwa. Ga kuma tsada: aikin fenti da na mayanka duk ƙarfi suke ci, ƙarfin da ya kamata a yi tsawo da shi. Ciyawa mai gajeriyar saiwa kuwa ba ta kai ga damshin ƙasa, ganyenta ya yi ɗorawa, ta tsumbure.

TSIRE-TSIRE MASU WAYO

Akwai wasu tsire-tsire da suka sami dabara. Kafin tubalin jabu ya shiga gini, sai su ɗaura masa wani ɗan takunkumi, ta yadda magina ba za su ɗauke shi ba, su tara shi gefe guda a ganye da fure. Irin waɗannan sukan tara fiye da miligiram 1,000 a kilo, wasu har sama da 10,000, suna nan kore shar. Akwai su a yammacin Amurka, akwai wani dangin wake a Kwinslan ta Ostareliya. Warinsu kamar na tafarnuwa, dabba ba ta son su sai in yunwa ta matsa. Su sun tsira, amma dabbar da ta cika tumbi da su tana iya mutuwa a yini ɗaya.

Ciyawa da hatsi na yau da kullum ba su da wannan dabara. Su sukan zuba seleniyom ne cikin metiyonin, ya shige cikin furotin ɗin ganye da ƙwaya. Mai karatu ya lura da wannan: ciyawa tana iya ɗaukar abin da zai cuci sa tun ita kanta ba ta nuna wata alama ba. Don haka kyan makiyaya a ido ba shaida ba ne.

ABIN DA YA SAMI SAIWA SHI KE SAMUN KOFATO

Kofato da ƙaho da gashi duk da furotin iri ɗaya aka yi su, mai yawan ƙullin farar wuta. Shi ya sa in ana babbaka kake jin wannan ƙauri. Idan seleniyom ya yi yawa a jikin dabba na tsawon makonni ko watanni, sai ya shiga gurbin farar wuta a nan ma, ƙullin ya yi sako-sako. Gashin jela ya zube, kofato ya tsage a kwance, ya yi zobe-zobe, ya yi tsawo ya lanƙwashe, wani lokaci ya kwaɓe gaba ɗaya. Dabba ta riƙa ɗingishi, ta kasa zuwa kiwo da mashaya, ta rame.

Tun a 1856 wani likitan soja mai suna Madison ya ga haka a dawakin barikin Fort Randall, a yankin da yanzu yake jihar Dakota ta Kudu. Shekaru da dama makiyayan wurin suna ɗora laifin a kan ruwan kanwa da dabbobi ke sha. Sai a shekarun 1930 aka gano cewa ciyawa da hatsin da suka tsiro a kan wani irin dutsen laka na tsohon teku ne ke ɗauke da seleniyom. An san irin wannan ƙasa a wasu sassan Ayalan, da Panjab ta Indiya, da Enshi ta ƙasar Sin, inda a farkon shekarun 1960 mutane kansu suka yi ta zubar gashi da farce.

Wannan ke nan game da yawa. Rashinsa kuma fa? Shi ne ke kawo ciwon farar tsoka. An fi ganinsa a maruƙa da 'yan bana-bakwai masu saurin girma: ƙafafu su sanƙare, baya ya gantsare, jiki na rawa, dabba ta kwanta ta kasa tashi. In ya taɓa zuciya, faɗuwa ɗaya ce. Idan aka feɗe, sai a ga tsokar cinya ko ta kafaɗa ko ta zuciya ta yi fari-fari kamar naman kifi, a ɓangarorin jiki biyu daidai wa daida. A shanu mata kuwa rashin yana cikin abubuwan da ke sa mabiyiya ta ƙi faɗuwa bayan haihuwa, da haihuwar maraƙi marar kuzari. A ƙasar Sin rashinsa ya haɗu da ciwon zuciyar yara da mata da ake kira ciwon Keshan, wanda aka fara sani a 1935. Ƙasar Finlan kuwa, da ta ga ƙasarta ba ta da shi, tun 1984 ta sa a riƙa zuba shi cikin takin zamani.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, ciwon farar tsoka yakan ɓoye ne har sai an wahalar da dabba da aikin da ba ta saba ba: doguwar kora, guje-guje, kokawar lodi, ko tsayuwar kwana biyu a tirela. Wannan kuwa shi ne sana'armu.

ƘASARMU TA GIDER DA KEWAYE

Yanzu bari mu dawo gida. Abu biyu ke sa ciyawa ta sami seleniyom: na farko ya kasance akwai shi a dutsen da ƙasar ta fito, na biyu ƙasar ta yarda ta sake shi. Ƙasa mai tsami, ja, mai yawan ƙarfe, wadda ruwan sama ke wankewa, takan riƙe selenit gam ta hana saiwa. Ƙasa mai alli ko kanwa-kanwa, a wuri mai ƙarancin ruwa, takan mai da shi selenat, wanda ke narkewa ya bi ruwa zuwa saiwa cikin sauƙi.

Wanda ya bi hanya daga Ngaundare zuwa Garwa, ya wuce Figil da Gider har Marwa, ya taka irin waɗannan duka. A tudun Adamawa akwai jar ƙasa mai tsami da ruwan sama mai yawa. Irinta ce a ko'ina a duniya aka fi samun ciyawa mai ƙarancin seleniyom. A kewayen Gider da Mayo Ulo akwai jigawa da tsakuwa na gindin duwatsu. A Figil akwai dutsen farar ƙasa, wanda saboda shi aka kafa masana'antar siminti. A kwarin Binuwai da filayen Diyamare kuma akwai baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda Fulani ke kira karal, mutanen Barno ke kira firki, inda ake dashen masakwa bayan ɗaukewar ruwa. Wani bincike da aka buga a 2011 a ƙasar Malawi ya nuna cewa masarar da aka noma a irin wannan baƙar laka mai alli ta ninka ta ƙasa mai tsami wajen seleniyom har kusan sau goma, kuma a can rashi ne ya fi damun jama'a.

Darasin da ke ciki shi ne, shanu biyu na iya tsayawa a turke ɗaya a kasuwa, tozo ɗaya, ƙiba ɗaya, amma ajiyar jikinsu ta bambanta, domin ɗaya a karan masakwa ya yi rani, ɗaya a jar ƙasa ya tashi. Tambayar nan da iyayenmu ke yi, "Wannan na wace ƙasa ne? Ina ya yi damina?" ashe ilmi ce babba.

A ƙara da abu biyu. Na ɗaya, tunda selenat kofar farar wuta yake bi, in farar wuta ta yi yawa a gona sai ta tare kofar. Takin auduga irin wanda ake rabawa a yankin SODECOTON yana ɗauke da farar wuta, kuma gonakin nan su ne ake juyawa a shuka masara da dawa, shanu su ci karan. Na biyu, seleniyom yana aiki ne kafaɗa da kafaɗa da bitamin E, wanda ke cikin ɗanyar ciyawa. Harawa da kara da suka daɗe a rana sun rasa yawancinsa. Saboda haka daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da zafin Garwa ke kan ganiyarsa, shi ne lokacin da kariyar dabba ta fi yin ƙasa.

GUBAR DA KE CIKIN KWALBA

'Yan uwa, ga inda nake so a buɗe kunne. Hanya mafi kusa da seleniyom zai kashe maka sa a fataucinmu ita ce ta sirinji. Ku duba yadda sa ɗaya ke canja hannu. Makiyayi a Cadi ya yi masa allurar ƙarin ƙarfi kafin ya kai shi kasuwa. Bafatake ya saya, ya ƙetaro ta Lere, ya ce bari a yi masa bitamin saboda hanya. A Adumri ko Gider wani ya saya, shi ma ya yi tasa. An isa Mubi, mai turka ya karɓa, ya ba shi maganin tsutsa, ya ajiye masa dutsen lasa, ya zuba garin ƙari a dusa. Kowane ɗaya da kyakkyawar niyya ya yi, amma in uku ko huɗu daga cikin kayan nan suna ɗauke da haruffan nan biyu, Se, to an tara wa dabba abin da ba wanda ya lissafa. Akwai magungunan tsutsa na ɗurawa da ake haɗa su da seleniyom da kobal, mutane da yawa ba su lura.

Kuma allura ta fi lasa haɗari. Abin da sa ya ci ta baki, ƙwayoyin tumbinsa sukan ɓata mafi yawansa, wani ɓangare ne kawai ke shiga jini. Allura kuwa ba ta bi ta tumbi. A watan Afrilu na 2009, a jihar Fulorida ta Amurka, dawakin wasan folo 21 suka mutu cikin sa'o'i kaɗan, saboda an yi kuskuren awo wajen haɗa musu allurar bitamin, seleniyom ya yi yawa. Dawaki ne na masu kuɗi, ga likitoci a tsaye a kansu, amma ba a ceci ko ɗaya daga waɗanda suka faɗi ba, domin gubar nan in ta shiga jini ba ta da makari. Alamunta su ne haki, tangaɗi, zawo, kumburin ciki, numfashi mai warin tafarnuwa, sai kwanciya.

KADA A RUƊE DA WASU CUTUTTUKA

Ba duk ɗingishi ne seleniyom ba, kuma a wajenmu ma sauran dalilan sun fi yawa. Boru yana zuwa da zazzaɓi, da dalala, da ƙuraje a baki da tsakanin kofato, kuma yana bin garke cikin 'yan kwanaki. Ruɓewar kofato ta damina tana da kumburi da wari. Kirci yana cin fata ne da ɓawo-ɓawo a gadon baya. Sammore yana kawo rama da ƙarancin jini. Matsalar seleniyom ba ta yaɗuwa daga dabba zuwa dabba, ba kuma ta da rigakafi irin wanda ake yi a LANAVET ta Bokle kusa da Garwa, wadda aka kafa a 1983, ko a Vom ta jihar Filato. Abinci ne ke kawo ta, awo ne ke gyara ta. Tabbacinta kuwa sai likitan dabbobi ya ɗebi jini ko hanta ya aika an auna.

Ga wata 'yar dabara ta duba kofato. Kofaton sa yana tsiro ne daga sama, wajen milimita biyar a wata. Duk wata babbar wahala da ta sami dabba, ko boru, ko yunwa, ko guba, takan bar zobe a kwance. In ka ga zoben ya sauko kamar faɗin yatsa ɗaya daga bakin gashi, to abin ya faru wata uku zuwa huɗu da suka wuce. In a ƙafafu huɗu ne duka, ga kuma jela ta yi kwal babu gashi, sai ka yi tambaya kafin ka ce "na saya".

ABIN DA BAFATAKE ZAI RIƘE

1. Kafin ciniki ya faɗa, duba kofato huɗu da jela, ka sa a kora san ka ga tafiyarsa. Tambayi inda ya yi damina da inda ya yi rani.

2. Tambayi allurar da aka yi masa da ranar da aka yi. Kai ma in ka sayar, gaya wa na gaba. Mu mai da wannan al'ada tsakaninmu kamar yadda muke faɗin aibi.

3. Duba kowace kwalba da kowane buhu. In ka ga Se a biyu, ɗauki ɗaya ka ajiye ɗaya. In ba ka karanta Faransanci ko Ingilishi, nemi wanda zai karanta maka, ba abin kunya ba ne.

4. Allura da nauyin dabba ake auna ta. Kada a yi wa maraƙi awon bijimi, kada kuma a ce "ƙara masa kaɗan don ya yi saurin tashi". Kada a maimaita sai da izinin likita. A kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin yanka.

5. Kanwa da manda suna da amfaninsu, amma gishiri suke bayarwa, ba a dogara da su wajen seleniyom. In ana bukatar ƙari, dutsen lasa mai rubutaccen awo ya fi kwanciyar hankali.

6. Ƙananan shanu da suka yi rani a kan busasshen kara, kada a tashe su da doguwar kora rana ɗaya. A fara da gajeren zango, a ba su hutu da ruwa kafin lodi da bayan sauke.

7. In dabba ta faɗi a hanya aka yanka, tsaya ka ga tsokar cinya da zuciya da idonka. In ka ga fari-fari, sanar da malamin dabbobi, domin sauran 'yan garken daga ƙasa ɗaya suka fito.

Tambayoyin da za a tattauna a rumfa: Ta wace kofa seleniyom ke shiga saiwa, kuma me ya sa ake barinsa ya wuce? Me ke sa mayankar saiwa ta kasa aiki? A cikin kayan da ke jakarka ta magani yanzu haka, nawa ne ke ɗauke da Se? Wanda ya duba ya samu fiye da ɗaya, ya kawo su taro na gaba a karanta tare.

Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu gida lafiya da dukiyarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.